Yadda Taɓaryata Ta Je Yamai

Ni ban taɓa zuwa Yamai ba, ban kuma ce ina so ba. Iyakar tafiyata Madawa, sai Tawa da anka taɓa kai ni duba ido. Amma taɓaryata ta je. Ta shiga ɗakin manyan likitoci, anka yi maganarta da Faransanci, anka tafa mata, ni ina garinmu tsakanin Buza da Kaita ban san hawa ba ban san sauka ba. Ban yi lakkwal ba, wato makarantar boko, faɗa nake ana rubutawa, saboda haka duk inda kunka ga zance ya yi tsawo kada ku ga laifin mai rubutu.

Wanda ya kai ta ɗan farina ne. Sunansa ba za ku ji a bakina ba. A zamaninmu uwa kunyar ɗan fari take ji, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana jin ƙannena suna ce mini Yaya, shi ma ya kama. Ni kuwa mai allura nake ce masa, don anfarmiye ne, ma'aikacin jinya a gidan likita na Buza. In ya zo gaisuwa ya durƙusa bakin ɗaki, sai in juya wajen akuyata, wata ja mai tsagaggen kunne. In ce, "Ke ja, wasu mutane sun rame, ko ba a dafa abinci a Buza?" Shi kuma ya ce, "Ana dafawa, Yaya." Haka muke hirarmu, ba mu taɓa samun saɓani ba. Akuyar nan ta san asirin gidanmu fiye da liman.

Abin ya faru bayan babban farin nan da damina ta ƙi, lokacin da anka fara aikin duwatsu a kan tudu, ana jera su don su tare ruwa, ana ba masu aikin hatsi da mai. Samari duk sun tafi cin rani, gari ya rage mata da yara da tsofaffi. Ran nan sai ga mai allura a kan mobiletinsa, ɗan babur ɗin nan, da wata takarda a aljihu. Ya zauna gaban ubansa, ya ɗaga murya yadda za ta kai ɗakina.

Ya ce za a yi taron likitoci a Yamai, za su tattauna a kan motsa jiki da lafiyar ƙwaƙwalwa, wato ko tsohon da ke motsi ya fi tsohon da ke zaune daɗewa da hankalinsa. Duk mai abin faɗi sai ya fara aikawa da taƙaitaccen bayani, rezime suke ce masa. In manya sunka duba ya yi musu, su kira shi ya zo ya yi magana. In bai yi musu ba, shi ke nan. Ya ce shi tun da ya fara aiki ba a taɓa kiransa ko'ina ba sai wurin tsaga maruru, yana son a kira shi nan. Kuma dole takardar ta shiga jakar gidan waya da kamyo, babbar motar ranar kasuwa, ke ɗauka daga Buza zuwa Madawa, kasuwar ƙarshe kafin azumi. In ta wuce wannan, an rufe ƙofa.

Mai gidana yana kishingiɗe a tabarma. Ya ce, "Motsi kuma har sai an yi masa taro? Mu da munka tsufa cikinsa ba a kira mu ba."

Mai allura ya nuna da hannu iyakar wurin da anka ba kowa ya yi rubutu. Bai fi tafin hannu biyu ba.

Na ce wa akuya, "Ke ja, maganar da ta shiga tafin hannu ai gaisuwa ce, ita ma gaisuwar mai sauri."

Ya yi dariya.

Dabararsa mai sauƙi ce. Zai raba tsofaffin gari kashi biyu, masu motsi da masu zama, sannan ya yi wa kowa wasan tuni ya ga wane kashi ya fi. A littafin da ya samo dabarar akwai tambayar mi ne sunan mijinki, ɗiyanki nawa. Wannan tun a Buza ya soke ta, don shi ma ruwan garin nan ya sha, ya san ko matar da ta fi kowa hankali ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta ƙirga ɗiyanta a gaban mutane ba. Na yaba masa a nan. Amma akwai abin da ya tsallake masa, kuma ban ga laifinsa ba, namiji ne, sannan da ƙuruciya lakkwal ta ɗauke shi.

A garinmu, macen da ɗanta ya yi aure ya kawo mata suruka ta ajiye taɓarya ke nan. In anka gan ta tana daka ko tana ɗaukar itace, abu biyu za a ce, ko ɗanta ba shi da amfani, ko surukarta ba ta da tarbiyya. Zaman tsohuwa shi ne rawanin ɗanta. To balle ni, uwar ma'aikacin gwamnati mai farar riga.

Ya tara mu a ƙofar gidan mai gari, tsofaffin mata duka, kowa na jin abin da kowa ke faɗi. Nan ne kuskurensa na biyu. Ni na zo da akuyata a igiya, don ba zan amsa masa da bakina ba. Da ni ya fara.

"Yaya, kina wani aiki a gida? Daka, ko ɗiban ruwa, ko zuwa gona?"

Na gyara zama. Na ce, "Ke ja, gaya wa masu tambaya, rabona da taɓarya tun ranar da surukata ta taka gidan nan. Zaune nake kamar randa, a zuba a ɗiba."

Ya ɗan dube ni, ya rubuta.

Ta biyu taubashiyata ce, ɗiyar ƙanen uwata, wadda danga ɗaya ta raba gidana da nata. Tun muna yara in na ci lomar tuwo sai ta ci biyu ko da za ta shaƙe. Ta ce, "Ɗana, ni ko fifita ba na yi wa kaina. In ƙuda ya sauka mini sai na kira jika."

Ta uku ta ce ita tabarmarta ma ja ake yi da ita a kai daga rana zuwa inuwa. Wata ta ce ta manta hanyar rijiya, in anka sake ta ba za ta gane ba. Wata kuma, wadda kowa ya san ƙafarta ta fi ta raƙumi sanin hanyar fadama, ta ce ita juya ta ake yi a gado kamar waina. Ba wadda ta yi dariya. Kowa ta ɗaure fuska tana gyaɗa kai, tana cewa Allah Ya yi wa ɗiyanmu albarka. Ba a tashi ba sai da dukanmu munka shiga kashin masu zama.

Sai wasan tuni. Zai faɗi abubuwa kaɗan, gishiri, igiya, raƙumi, faifai, irin waɗannan, sannan ya ɗauke maka hankali da zancen damina, can ya ce maimaita. Na mayar wa akuya da su a jere, na ƙara mata da wanda ya yi tsada a cikinsu. Ya ce in faɗi abubuwan da ake sayarwa a kasuwa iyakar waɗanda na tuna. Na kama daga bakin kasuwar Buza wurin masu albasa, na bi ta masu kanwa, na ratsa masu tabarmi, ina faɗin kayan da mai kayan da halin mai kayan. Ban kai wurin mahauta ba ya ce, "Ke ja, roƙe ta ta tsaya, takarda ta ƙare." Taubashiyata ma ba ta bari an bar ta baya ba. Mu matan da ba mu ko ɗaga cokali, munka cinye wasan nan tas.

Washegari ya je wurin tsofaffin maza a jikin bangon masallaci. Su kuma ga yadda nasu rawanin yake: namijin da ya ce ba ya aiki ya zama kayan gado. Kowa ya ce jaki ma ya san ya fi shi wahala. Mai gidana ya ce shi ke riƙe da gonar gidanmu, kullum yana kan ƙafa tun asuba. Mutumin da tun da ɗiyansa sunka kama hauya aikinsa ɗaya ne, da safe yana yammacin bango, da yamma yana gabas. Anka sa su duka a kashin masu motsi. Da anka zo wasan tuni, mai gidana ya kawo gishiri, ya tsaya, ya ce, "Sai mi kuma?" Daga nan ya tambayi ko akwai mai goro.

Mai allura ya tattara takardunsa ya koma Buza. Da ya dawo bayan kwanaki, tun daga yadda ya jingine mobileti na san ba lafiya. Ya zauna gaban ubansa, muryarsa ƙasa ƙasa, sai da na matso bakin ƙofa na ji. Ya ce lissafinsa ya fito a kife: masu zama su ke da tuni, masu motsi su ke mantuwa. Ya nuna wa babbansu a likita, wanda ake ce wa majo, mutumin ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce in ka aika wannan Yamai za a yi shela ƙasa duka ta kwanta. Mai allura ya ce shi ya san akwai abin da ba daidai ba, amma bai san ina yake ba. Ba zai aika abin da bai yarda da shi ba, ba zai kuma ƙirƙiro ƙarya ba. Ga watan azumi ya matso.

Ubansa ya ce, "To ka rubuta musu gaskiya mana. Mu masu wahala ita ke cinye mana kai."

Surukata ta kawo masa hura. Bai sha ba. Hurar nan da nonon jar akuya anka dama ta, ya bar ta ƙuda na zagayawa. Uwa ba ta kallon ɗan fari, amma kunnenta na kan ludayinsa, kuma ran nan ban ji ludayi ya taɓa ƙwarya ba.

Yanzu na san za ku ce, to ke kina aikin ko ba ki yi? Ni ban ce ina aiki ba, har gobe ba zan ce ba. Abin da ke akwai, dakan surukata bai cika laushi ba, sai nakan karɓi taɓarya in nuna mata yadda ake yi. Yarinyar ba ta da saurin ɗauka, shi ya sa nunin ya zama kullum. Fadama kuwa gaida albasa nake zuwa yi, in na tarar da guga a bakin rijiya ba zan bar shi ya ji kunya ba. Aikin duwatsu rakiya nake yi mata don kada a ce matar ma'aikaci na yawo ita kaɗai, kuma zama a kan tudu haka kawai yana sa ciwon baya, sai in ɗan ɗauki dutse in kai inda ake so. Wannan duk gyara ne. Aiki daban.

To amma ga yaro bai sha hura ba. Na kwana ina juya abin. Ba zan buɗe baki in ce ina daka ba, in tuɓe masa rawani da hannuna. Sai da gari ya waye na ga hanya. Abin da ba ka iya faɗi a kanka, ba wanda ya hana ka faɗinsa a kan wani.

Yana tsugune yana goge mobileti, na fito da dusa na ajiye wa akuya. Na ce, "Ke ja, kin san taubashiyata da ta ce ko ƙuda ba ta kore wa kanta? Jiya wa na gani da damin kara a kai, tana saukowa daga dutse kamar budurwa? Ko aljana ce mai kama da ita?"

Hannunsa ya tsaya a kan mobileti.

Na ce, "Ita kuma wadda ake juyawa a gado, ko wa ke ban ruwan albasarta tun kafin ladan ya yi tari? Wadda ta manta hanyar rijiya fa, tulun da ke kanta kullum shi ke nuna mata hanya?"

Ya laluba aljihu ya fiddo bik ɗin rubutu da takarda. Ya ce, "Yaya, ta gidan ƙofar yamma fa?"

Na ce, "Ke ja, wannan ai saƙar tabarma take yi a ɗaki ta ce barci take, ranar kasuwa ta ɗauka a kai har Tama."

Na bi unguwa gida gida ban tsallake kowa ba. Daɗin abin ya ɗebe ni, har na ƙara da nasiha. Na ce, "Duk mai son sanin aikin tsohuwa, maƙwabciyarta zai tambaya, ita kaɗai, ba a gaban jama'a ba."

Ya miƙe tsaye ya ce, "Na gode, ke ja." Ya fita.

Sai da na ji sallamarsa a bayan danga na tuna ni ma ina da maƙwabciya.

Taubashiyata ba ta ko bari ya gama tambaya ba. Ta ɗaga murya don ta san ina ji. "Uwarka? Randar nan? Ɗana, zauna, ka zo da takarda mai yawa? Turmin gidanku ni ke sanin lokacin salla da shi. Dakan surukarta tim, tim, a hankali. In ka ji kamar ana korar ɓarawo, ita ce. A kan tudu kuwa masu aikin sun san ta, dutsen da mata biyu sunka kasa ita ake kira."

Na leƙa ta kan danga. Na ce, "Ke tsohuwar kura, da wa kike?"

Ta ce, "Da ɗana nake. Ke koma ki zauna kada ki gaji, randa."

"Rakiya nake yi, kowa ya sani."

"Rakiya da gammo a kai?"

"Gammon don rana ne."

"To ni ma damin karan don inuwa na ɗauko shi."

Mai allura yana tsakiya yana rubutu, kansa a sunkuye, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ban dube shi ba, ta gefen ido na gani.

Kafin la'asar gari ya kama. Kowace tsohuwa ta ji an tona ta, ta ɗaura zane ta tafi neman mai allura don ta tona wadda ta tona ta. Bai ma sake yawo ba, a zaure ya zauna suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Maza kuwa matansu ya tambaya, ba a sha wahalar lallashi ba. Ni na gaya wa akuya zancen bangon masallaci, gabas da yamma. Mai gidana yana ji daga tabarma. Ya ce, "Bin inuwa ba motsi ba ne? Ku gwada ku gani, ita inuwar tsayawa take yi?"

Kusan kowa ya canza kashi. A maza wani tsoho mai gyaran rijiya da wani mai bin kasuwanni a ƙasa su sunka tsira a masu motsi. A mata, matar wani alhaji kaɗai maƙwabta sunka shaida cewa da gaske zaune take. Ita ce a wasan tuni ko gishirin ba ta kawo ba, amma ko a jikinta. Daga ran nan ta hana kowa shan ruwa a garin don alfahari. Duk wurin suna sai ta ce, "Ni dai likita ya rubuta, ba ni na faɗa ba."

Sai aikin taƙaitawa. Kwana da kwanaki yana zaure, ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage. Abin da ya yar akuya ke cinyewa, ban hana ta ba, dama ita anka gaya wa komi. Ya tafi Buza anka buga masa da mashin a biro, wato ofis, ya sa a ambulof ya manna tambur ɗin gidan waya, amma bai liƙe ba. Ana gobe kasuwar ƙarshe ya dawo da ita gida don ubansa ya sa albarka. Ya karanta yana mayarwa da Hausa. Kafin in gyara zama in fara saurare, ya ce shi ke nan.

Na ce, "Ke ja, ina damin karan? Ina bangon masallaci? Gari guda ya yi magana har murya ta dushe, a ce wannan ne?"

Ya ce, "Yaya, ba wuri. Kuma ba a sa sunan kowa."

Wannan ta ƙarshen ta kwantar mini da rai. Ubansa ya tofa addu'a, anka liƙe, ya ɗora ambulof a bakin rumbu ya danne da dutse, da niyyar da safe ya hau mobileti.

Da safen kuwa, yana ɗaure takalmi, sai ga mutane da gudu. Wani magidanci ya sari ƙafarsa da gatari wurin itace, jini ya ƙi tsayawa. Mai allura ya dubi ambulof, ya dubi mutanen, ya ɗauki jakarsa. Daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, a samu wanda zai kai takardar nan gidan waya kafin kamyo ya tashi." Ya bi su.

Ba mai iya tuƙa mobileti a garin. Masu jakai tun asuba sun wuce kasuwa. Surukata ciki ya tsufa. Mai gidana, jarumin da ke kan ƙafa tun asuba, ya dafa ƙugu ya ce, "Da ba don bayan nan ba." Ya aika wurin abokansa na jikin bango, kowa ya aiko da sunan gaɓar da ke masa ciwo.

Hanyar mota zuwa Buza zagaye take yi. Akwai ta kan dutse, gajera, amma hawa ce da gangara, ga tsakuwa mai yanka ƙafa. Na san ta kamar tsakar ɗakina, kada ku tambaye ni dalili. Rana ta fara ɗagawa. Matan unguwa duk suna ƙofar gida saboda zancen gatari. In na fita yanzu, ba rakiya, ba gyara, ba gaida albasa, ido na ganin ido.

Na ce, "Ke ja, an ce gishiri ya yi araha yau a Buza. Ki kula da gida."

Na ɗauki ambulof na sa a ƙwarya, na rufe da faifai, na ɗora a kai, na fita. Na ratsa matan nan kaina a sama. Matar alhaji ta ce, "Ikon Allah, randa ta yi ƙafa." Na yi gaba abina.

Ban kai gindin dutse ba na ji takun mutum a bayana. Taubashiyata ce, ta ɗaure ƙugu da gyale.

Na ce, "Ina zuwa, mai kiran jika ya kore ƙuda?"

Ta ce, "Zuwa zan yi in ga inda za ki faɗi, don in ba da labari daidai."

"To matso kusa, kada ki gani daga nesa."

Munka kama hawa. In na ƙara sauri ta ƙara, in ta wuce ni in wuce ta. Ba wadda ta yarda ta yi haki a gaban wata, sai muka riƙa yin waƙar daka don numfashin ya fita da dalili. A kan tudu munka wuce masu aikin duwatsu, sunka ɗaga hannu suna kirana in zo ga wani babba ya gagara. Taubashiyata ta ce, "Ƴan rakiyarki na gaishe ki." A gangara munka cim ma masu jakan garinmu da sunka tsaya shan ruwa, munka wuce su. Wani ya ce, "Inna, lafiya?" Na ce, "Gishiri."

Da munka shiga Buza kamyo na tsaye, an gama lodin albasa, direba na zuba ruwa a inji. Mai gidan waya ya riga ya ɗaure bakin jaka. Na ajiye ƙwarya a kan teburinsa na buɗe faifai. Ya ce an rufe, sai wani mako. Na zauna a bakin ƙofarsa, taubashiyata ta zauna a ɗaya gefen, munka miƙe ƙafafu munka tare hanya. Na fara ba shi labarin tun daga farko, tun daga yaye. Ban kai ga shigar yaron lakkwal ba ya kwance jakar. Ya buga wa takardar hatimi ya jefa ciki. Ban tashi ba sai da na ga jakar ta hau kamyo, kamyon ya kama hanyar Madawa. Sannan munka sayi gishiri, don kada a ce na yi ƙarya. Bai yi araha ba.

Bayan salla amsa ta zo, an kira shi. Ya ɗinka sabuwar riga ya tafi. Da ya dawo ya zauna gaban ubansa ya ɗaga murya kamar kullum. Ya ce ɗakin cike yake da manya. Wani babban likita mai furfura ya ce masa aikin ƙarami ne, mutanen kaɗan ne, kuma tunda masu motsinsa kusan duk mata ne masu zamansa maza, wa ya sani ko ba motsin ba ne, matan ne kawai sunka fi mazan kai. Likitan ya ce ya koma ya sake da kyau, da garuruwa da yawa. Na ce wa akuya, "Wannan likitan ya san abin da yake yi." Mai gidana ya ce a Yamai ma akwai marasa kunya.

Mai allura ya ce amma abin da ya fi jan hankalinsu shi ne yadda tsofaffi ke ɓoye aiki ko su ƙara shi, da dabarar tambayar maƙwabta. Sunka ce ya ba da misali. Sai ya ba su labarin wata tsohuwa da ta ce zaune take kamar randa, da taɓaryarta mai kama da korar ɓarawo, da dutsen da mata biyu sunka kasa, da yadda takardar da ke hannunsu ta iso gidan waya. Ɗaki ya ɗauki dariya, anka tafa.

Na ji kunnena ya yi zafi. Na ce, "Ke ja, ba an ce ba a sa sunan kowa ba?"

Ya ce, "Ban faɗi suna ba, Yaya. Cewa kawai na yi uwata."

"Ke ja, tambayi wasu mutane, uwa nawa gare su?"

Sai ya jawo jakar tsaraba. Ubansa hula, matarsa zane. Ni na sa rai da kujera, ko dai matashin kai, abin da za a gani a ce ɗanta ya zaunar da ita. Ya turo mini ƙunshi a gaban akuya. Na buɗe, takalmi ne na roba mai kaurin ƙasa, irin na masu bin kasuwanni. Sannan ya juya wajen matarsa ya ce daga yau in Yaya ta karɓi taɓarya don ta nuna miki, ki bar mata, kada ki yi saurin koya.

Takalmin nan na sa shi don kada a ce na raina kyauta. Ya ƙare ya sayo wani, shi ma ya ƙare. Taubashiyata ta sa nata ɗan ya aiko mata da irinsa daga wurin cin rani, mai ja, don ya fi nawa.

Yau mai gidana ya rasu, taubashiyata ta rasu, Allah Ya jiƙansu. Jar akuya ma ta daɗe da tafiya, jikar jikarta ce a turken. Mai allura ya ajiye aiki ya dawo gida da furfura da tumbi, ya gaji wurin ubansa a jikin bangon masallaci, da safe yamma, da yamma gabas. Shekaranjiya ya shigo yana neman madubin idonsa, yana ɗaga tabarmi, abin kuwa na kan goshinsa. Ina zaune kusa da turmi, don matar jikana ma dakanta bai cika laushi ba. Na juya wajen akuya na ce, "Ke ƴar ja, wasu mutane sun taɓa kai takarda har Yamai. Tambaye su ko sun tuna abin da ke ciki, in sun manta ni ina iya maimaita musu."